Da Muka Bar Gari Muka Koma Tit

Shekara tara muka yi a cikin Tamanrasset, a ƙasar Aljeriya, kafin maganar Tit ta taso. Gidan haya muke ciki, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da muke rabawa da iyali uku, duk mutanen Nijar. Maigidana magini ne, ni kuma kitso nake yi a bakin ƙofa. 'Ya'yanmu biyu ne, duk mata, babbar tana aji huɗu a lekkol, wato makarantar boko, ƙaramar shigarta ke nan. Sai surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa a gidan ke kira Baba. Daga Mirriya ya zo mana bayan rasuwar matarsa, don babu wanda ya rage da zai kula da shi a can.

A gida Baba mai lambu ne, ya tsufa cikin albasa da rake. A Tamanrasset kuwa ba shi da abin yi. Lokacin sanyi in shimfiɗa masa tabarma inda rana ke faɗowa, ya zauna da carbinsa, in rana ta gusa ya ja tabarmar ya bi ta. Ba ya magana sai an tambaye shi. Abinci ma taɓawa kawai yake yi ya ture kwanon, ya ce Allah ya yi albarka.

Wata ranar Laraba maigidana ya dawo da la'asar, duk jikinsa siminti, ya zauna kusa da ni ina wanke shinkafa.

Ya ce, "Kin san lambun nan da nake yi wa katanga a Tit? Mai shi ya tsufa, 'ya'yansa duk sun kama aikin buro, suna zaman ofis. Yana neman wanda zai zauna a gidan da ke gefen lambun, ya kula da injin ruwa da katangar. Ni ya yi wa magana."

Na ce, "Tit? Ƙauye za ka kai mu?"

"Ba ƙauye ba ne can can. Akwai lekkol, akwai wutar kuran, akwai ɗan gidan likita. Kuma tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba."

"Akwai kasuwa?"

"Akwai 'yan butiki, ƙananan shaguna."

"To wa zan yi wa kitso, dabino?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Mako uku muka yi muna juya maganar. Shi abin da yake gani fili ne. Ɗaki huɗu, in ji shi, ga ruwa ba yankewa, ba sai na tsaya da jarka ina jiran motar ruwa ba. Yara su samu wurin karatu, don a lokacin kan gado suke rubutu, faifai ne teburinsu. Ni kuma mutane nake gani. A gari, in na fito ƙofa kafin in kai bakin titi na gaisa da mutum goma da Hausa. In gishiri ya ƙare sai in miƙa hannu ta kan katanga. In aka yi haihuwa ko rasuwa, kafin a gama faɗa mun yafa mayafi. Su ne dangin da nake da su a ƙasar nan.

Aminiyata, wata Bamaraɗiya mai sayar da atamfa a kasuwa, ita na kai wa kukana. Na ɗauka za ta ce kada in tafi. Sai ta ce, "Ni don kaina ba na so, in kin tafi wa zan yi gulma da ita? Amma ki je ki gani da idonki tukuna, kada ki ƙi abin da ba ki taɓa gani ba."

Ranar Juma'a muka tafi dukanmu har da Baba, don babu wanda za mu bar masa. Hanya duk duwatsu ne baƙaƙe, sai can muka gangara, ga kore ya bayyana a gefen kori, wani busasshen rafi. Gidan na ƙasa ne, tsoho, amma da faɗi. Ina duba madafa ina neman aibin da zan kama, sai ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce, "Inna, zo ki ga Baba."

Na fita na same shi tsugune a bakin magudanar ruwa. Ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya ɗebi ƙasa yana murzawa. Mai lambun na tsaye kansa, shi yana Tamahak da Larabci, Baba yana Hausa, babu mai jin wani, amma sai nuna juna suke da hannu suna gyaɗa kai. Da ya gan ni ya ce, "'Yar nan, sun yi wa kwamin nan faɗi da yawa, ruwa ba zai kai ƙarshe ba. Ki gaya masa."

Tun zuwansa ƙasar nan ban taɓa jin ya faɗi magana mai tsawon wannan ba. Muka shiga mota muka koma gari. Da muka isa gida na fara tambayar inda ake samun kwalin haɗa kaya.

Watannin farko sun yi mini wuya, ba zan ɓoye ba. Shirun wurin har kunne yake cika mini. Da hantsi, yara sun tafi lekkol, maza suna lambu, ba abin da zan ji sai injin ruwa da kukan kurciya. Na share ɗakin da na riga na share. Matan garin suna da kirki, sukan aiko da tumatir ko ɓaure, amma daga gaisuwa sai murmushi, maganarmu ta ƙare. Kitso kuwa kowa a gidansu ake yi mata. Hannuna ya rasa abin taɓawa sai kan 'ya'yana, har babbar ta ce, "Inna, shekaranjiya fa kika yi mini."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ranar sunan ɗan aminiyata a gari. Na yi kwalliya tun da safe, na ɗaure kwanon fanke a ɗankwali, na tsaya bakin babbar hanya. Kamiyo, manyan motocin kaya, sai wucewa suke, ƙananan motoci duk cike. Har azahar ban samu wuri ba. Na dawo gida da fankena, na shiga ɗaki na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Da maigidana ya shigo na ce masa, "Kai ka samu ɗaki huɗu, ni na rasa mutanena."

Bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Ki ba ni zuwa ƙarshen shekarar lekkol. In har lokacin ranki bai kwanta ba, mu koma."

Washegari wata mata ta yi sallama, da Hausa. Na fito da sauri har na bar takalmi ɗaya. Dattijuwa ce Ba'abziniya daga wajen Agadez, aure ya kawo ta Tit tun tana budurwa. Hausarta ta yi tsatsa, takan tsaya tana laluben kalma, amma Hausa ce. Ta ce jiya ta hange ni a bakin hanya da kwano, kuma ta ga dawowata.

Ta ce, "Ni ma na yi irin tsayuwar nan. Ba a nan ake samun mota ba. Akwai mai kai kayan lambu gari kowace safiya, sai an gaya masa tun jiya. Fanken ya ƙare?"

Bai ƙare ba. Muka zauna muka ci da shayi. Ita ta koya mini 'yan kalmomin Tamahak da nake ji yau, ita ta riƙa jana gidajen biki, ita ta fara kawo mini jikokinta kitso irin na Damagaram. Da aka gani a kansu, sai ga wasu sun biyo. Ba su kai yawan na gari ba, amma hannuna ya samu aiki.

Baba kuwa ya zama wani mutum. Mai lambun ya yanka masa gefe guda, ya shuka kuɓewa da yakuwa da albasa. Cin abincinsa ya dawo, har yakan leƙo madafa ya ce, "Yau ba a gama ba ne?" Yara sun koyi hawan ɓaure, kumatunsu suka ciko. Da shekarar lekkol ta ƙare maigidana ya tambaye ni, na ce mu ƙara ɗaya mu gani.

A shekara ta biyu ne na ga ɗaya fuskar wurin. Ana zafi, wajen ƙarfe goma na safe, na kai wa Baba kunu na same shi kwance tsakanin kwami, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Maigidana yana gari wurin wani gini. A ɗan gidan likitan Tit suka duba shi suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti. Mai kayan lambu ya riga ya tafi. Dattijuwar nan ce ta bi gida gida har aka samu wani mai mota a can ƙarshen gari. Na zauna a baya na ɗora kan Baba a cinyata, ina kiran sunan Allah, ina duban duwatsun nan da ba sa ƙarewa. Hanyar da aka ce ba ta kai awa ɗaya ba, ranar ji na yi kamar Agadez za mu.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Matan tsohon gidanmu suka raba kwanakin tsakaninsu, kullum da mai kawo abinci. A tabarmar aminiyata nake kwana, kuma na ji daɗin hayaniyar gidan har cikin raina. Ranar da za a sallame shi, na tsayar da maigidana a ƙofar ɗakin na ce, "Mun gama da Tit. Da a gari muke, minti goma ya isa. Ba zan sake ɗaukar tsohon nan a cinya ina ƙirga duwatsu ba."

Ashe Baba yana ji. Ya kira ni da hannun da ke motsi. Harshensa ya yi nauyi, sai da na sunkuya.

Ya ce, "'Yar nan, kin wahala da ni, Allah ya saka miki. Amma a gari kusa da likita nake, kuma ba ni da dalilin tashi da safe. Ki mai da ni wurin albasata. In kwana ya ƙare a can, ban ce laifinki ba ne."

Na ce, "Baba, tsoro nake ji."

Ya ce, "Na sani. Ni ma ina ji."

Muka mai da shi. Bai sake riƙe fartanya ba, amma maigidana ya gina masa dakali a inuwar dabino, daga nan yake ba da umarni, jikokinsa suna buɗe ruwa suna toshewa. Ya yi ta faɗa da su kan sun cika gaggawa. Shekara biyu ya ƙara a haka. Ya rasu wata safiya bayan ya sha kununsa, yana zaune a dakalin, ƙaramar tana gefensa tana ba shi labarin lekkol.

A Tit aka binne shi. Kafin azahar sai ga mota biyu daga gari, cike da mutanenmu, aminiyata a gaba. Mutanen Tit ma suka fito, maza da mata. Tsakar gidan da na daɗe ina ganin ya yi mini girma, ranar bai ishe mu ba. Ana ta'aziyya da Hausa da Tamahak da Larabci, dattijuwar nan tana tsakiya tana fassara, har muryarta ta dushe.

Har yau muna Tit, kuma har yau maganar ba ta mutu ba, sai dai mun yi musayar wuri. Yanzu maigidana ne ke cewa mu koma gari. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, aikin gini a can yake, zirga-zirgar ta ishe shi. Kuma yana da gaskiya. Babbar 'yarmu ta shiga lise, babbar sakandare da ke gari, a gidan aminiyata take zama, ba ma ganinta sai ƙarshen mako. Ƙaramar ma tana hanya. Ni ce nake cewa a dakata, kabarin Baba yana nan, ga matan da suka saba da hannuna, kuma ban san ko zan iya komawa raba tsakar gida da iyali uku ba. Wani lokaci in na je gari, kafin la'asar kaina ya fara sarawa. Wani lokaci kuma in na dawo, sai in ji kamar na baro rabin jikina a can.

Kwanan baya wata amarya 'yar Tasawa ta zo da mijinta duba wani gida a nan. Ta ja ni gefe ta ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya, in zo ko kada in zo?" Na gaya mata maganar ruwa da fili, na gaya mata maganar mota da asibiti, ban rage komai ba. Ta ce, "To ke da za a mai da ke baya fa?" Na ce ban sani ba, kuma iyakar gaskiyata ke nan. Ta dubi lambun, can ta tambaye ni ko waya tana kamawa a nan. Na ce tana kamawa, amma sai an hau tudun bayan masallaci, na ɗauki mayafina na raka ta ta kira mahaifiyarta.