Lungun Ganyen Goggo Eulogia

Goggo Eulogia Cuello yayar mahaifina ce, kuma tun da na yi wayo sana'arta ɗaya na sani. Tana yanko ganyen peperina, wani tsiro mai ƙamshi kamar na'a-na'a, a duwatsun bayan ƙauyenmu, ta shanya a inuwa, ta ɗaure ƙulli-ƙulli, duk Alhamis ta hau motar safe zuwa birnin Kordoba. A gefen tsohuwar jami'a take baza kayanta. Ɗalibai su saya su zuba a shayinsu da ake kira mate, baƙi masu yawon buɗe ido kuwa su shinshina, su ce kai da ƙamshi, su wuce.

Dokarta ɗaya ce: yanka ake yi, ba a tugewa. "Bar wa saiwa tsawon yatsu huɗu," in ji ta, "baɗi ka dawo ka same ta."

Shekara ashirin da suka wuce, wani ɗalibi mai nazarin tsirrai, Leandro Pedernera, ya liƙe mata. Shekara biyu yana bin ta dutse da littafi a hannu. Ta nuna masa ganye sittin da biyu, wanda ke kwantar da ciki da wanda ke kashe akuya. Ya ci gasasshen ɗan akuyarta har ya yi kumatu. Da littafinsa ya fito, ni na karanta mata, don idonta ya fara rauni. A shafin godiya ya rubuta cewa ya amfana da "wata dattijuwa 'yar yankin".

"Wace dattijuwa?"

"Ke ce mana, Goggo."

"Au, ni ba ni da suna? Ai ko alfadarin da ya ɗaukar masa kaya yana da suna."

Daga nan abubuwa suka yi ta matse ta. Mutanen birni suka sayi gangaren dutse, suka gina gidajen hutu, suka zagaye da waya har hanyar da kakanninmu ke bi. Gobarar rani ta cinye wani sashe. Wuri ɗaya ya rage mata, wani lungu tsakanin duwatsu biyu inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, wanda mahaifiyarta ta nuna mata. Ko ni ban san hanyarsa ba.

Shi kuwa Leandro ya zama Dakta yana koyarwa a jami'a, daga baya ya bar koyarwa ya buɗe kamfanin yawo da baƙi: da safe tsoffin majami'u da farfajiyar jami'a, da rana kan dutse. Ni ke tuƙa masa mota. Wata rana ya ce in raka shi wurin Goggo, yana so ta kai baƙinsa lungun.

"Ɗan nan, ka ga na yi kama da mai tallan gidanta?" ta ce.

Sau biyu tana korar sa. A zuwa na uku ya zo da maganar da ta kama ta. Ya ce mutanen birni sun ɗauka babu abin da ya rage a dutsen, shi ya sa ake ta kafa waya. In manyan baƙi suka gani da idonsu, za a samu masu tsaya wa wurin. Ya rantse ba wanda zai taɓa ko ganye ɗaya.

Goggo ta dube ni. "Fermin, kai me ka gani?"

Na ce ina ganin gaskiya ya faɗa, sai ta yarda. Har yau maganar nan tana ci na.

Mutum goma sha huɗu na kwaso ranar. Tun a gindin dutse wata mata ta cire hularta ta ɗora wa Goggo a ka don hoto ya yi kyau. Goggo ta haɗiye fushinta. Da muka isa lungun, ƙamshi ya tare mu tun daga nesa. Goggo ta fara bayani a natse, yadda ake yanka, da watan da ba a taɓa ganyen don yana fure. Leandro ya juya wa baƙin da harshensu a numfashi ɗaya.

"Na yi magana mai tsawon igiyar rijiya, ka mayar da ita kalma uku?"

"Ba su da lokaci, Goggo. Ƙarfe biyar za su koma masauki."

Tana cikin wannan sai ga wani ƙato ya tugo tsiro guda har saiwa, yana ɗaga shi sama yana dariya. Goggo ta fizge, ta durƙusa ta mayar da shi rami. Su kuwa sai ɗaukar ta hoto suke yi.

Ba mu san hotunan da suka watsa a intanet suna tafe da alamar da ke nuna inda wurin yake ba. Kafin wata uku, duk ƙarshen mako motoci ne a gindin dutsen. Bayansu masu buhuna suka zo, irin waɗanda ke sayar wa masu haɗa shayin kwali, su kuwa ba ruwansu da baɗi. Ranar da na raka ta muka hau, ƙasa ce kawai a tone kamar an saki aladu, ga robobin ruwa a cikin maɓuɓɓugar. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta tsince robobin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a buhunta.

Alhamis ɗin da ta biyo, ba ta baza kaya ba, ofishin Leandro ta nufa. Ta juye masa buhun a kan tebur.

"Ga amfanin gonarka, Dakta."

Ya miƙe yana ba da haƙuri, ya ce wallahi bai zaci haka ba, zai rubuta wasiƙa ga hukuma a killace wurin.

"Wasiƙar tana da saiwa?" ta ce. "In tana da ita, ba ni in je in dasa."

Ya rubuta ɗin, ba zan yi masa ƙarya ba. An ce an kafa kwamiti. Shekara uku ke nan.

Goggo ta koma shuka peperina a gwangwanaye a bayan ɗakinta, abin da ta daɗe tana yi wa wasu dariya a kai. Shekarar farko duk suka bushe. Ta biyu sanyi ya kashe rabi. Bana sun kama, amma ta ce ƙamshinsu kamar na shayin da aka dafa sau uku. Ni har yanzu ina tuƙa wa Leandro mota, don ina da 'ya'ya huɗu, kuma duk sanda na shiga gidanta sai ta tambaye ni lafiyar ubangidana.

Makon jiya wata malamar gona ta zo roƙon ta koya wa matan ƙauye shukar. Goggo ta ba ta kujera, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta gaji da koyar da mutane, ta ce wa matar ta tafi, za ta yi tunani. Da matar ta fita, sai ta kira ni.

"In ka shiga birni, samo min gwangwanaye kamar talatin. Manya, ba irin na wancan karon ba."