Igiyar Ragon Layya

Mijina bai taɓa yanka ko kaza ba tun da ya dawo daga yaƙin Kwango. Duk unguwarmu ta Zango Kofur ake ce masa, ko da yake ya daɗe da tuɓe kaki yana gadin wani shagon goro. Mutum ne shiru-shiru, amma in murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni na san abin da nake zaune da shi. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana a ɗauke min shi a kai gidan mahaukata, inda na ji ana sa wa mutane mari a ƙafa.

Shi ya sa kowace Babbar Sallah muke da tsarinmu. Daga filin Idi sai ya wuce unguwar Atonsu wurin abokinsa. Mahaucin da ke haya kusa da ɗakinmu ya yanka mana ragon, ya feɗe, ni kuma in wanke tsakar gida tas. Da la'asar Kofur ya dawo ya ci soyayyen nama kamar kowa.

Shekarar da gwamnati ta kori baƙi marasa takardar zama, mahaucin nan ya bi mota da iyalinsa. Malamin da ke yi wa unguwa yanka shi ma ya tafi. Sallah ta zo, maza biyu suka rage a gidanmu: mijina da tsohon da ke da gidan, wanda hannunsa ke rawa, ko kofin koko ba ya iya riƙewa. Mace kuwa ba ta yanka a wurinmu.

Na ce a bari in aika unguwar Oforikrom a nemo wani mai yanka. Ina! Kafin mijina ya wuce Atonsu, tsohon ya tare shi a zaure ya miƙa masa wuƙa.

"Haba Kofur! Wanda ya je yaƙi ya dawo, rago zai gagare shi? Hannunka ai ya saba."

"Baba, ka ƙyale shi don Allah," na ce.

"Ke 'yata, yi shiru. Kina so a ce mijinki ba namiji ba ne?"

Wallahi da ba don furfurarsa ba da na zage shi tas. Shi a ganinsa girmama Kofur yake yi. Mijina ya dubi wuƙar, ya dube ni, ya karɓa.

Aka haƙa ramin jini, aka kwantar da ragon ya fuskanci alƙibla, ni da wata maƙwabciya muka danne ƙafafu. Ya yi bisimilla, ya ja wuƙa sau ɗaya, yanka mai kyau. Sai ragon ya yi gurnanin nan na maƙogwaro, jini ya feso masa a fuska.

Bai tsaya ba. Ya ci gaba da ja har kan ya rabu da jiki, sannan ya shiga caka wa cikin wuƙa, yana ihu da wani yare da ban taɓa ji a bakinsa ba. Hanji ya zubo min a ƙafa. Tsohon ya dafa kafaɗarsa yana cewa ya isa, Kofur ya juyo ya shara masa wuƙa daga gwiwar hannu har tsintsiya. Ƴarmu ƙarama ta fito da gudu tana kiran Baba, ya yi kanta da wuƙar a sama, idonsa ba ya ganin kowa. Na rarumi taɓarya na maka masa a hannu, na ji ƙashin ya amsa. Wuƙar ta faɗi, ya shaƙe ni da ɗaya hannun har na ga duhu.

Samarin layi ne suka ɓamɓare shi, da duka da komai. Ba wanda ya kira ɗan sanda, don a lokacin in ɗan sanda ya shigo Zango takarda zai fara tambaya. Sai suka ɗaure shi da igiyar ragon a jikin turken da ragon ya kwana.

Ana naɗe wa tsohon hannu yana cewa gobe sai gidan mahaukata. Na ce, da muryar da ta rage min, "Wa ya ba shi wuƙar? Uban wa ya ba shi? Duk wanda zai kai shi sai ya fara bi ta kaina!" Na ɗauki wuƙar nan na wanke, na nufi turken in yanke igiyar kowa yana kallo.

Yana zaune cikin jini, hannun da na karya ya kumbura, hankalinsa ya dawo. Ba ni yake kallo ba, ƴarmu yake kallo, ta ɓuya bayan randa. Na durƙusa na ce, "Maigida, tashi mu shiga ɗaki."

Na sa wuƙa a kan igiyar, sai ya janye jikinsa.

"Kada ki kwance ni," ya ce a hankali. "Akwai yara a gidan."