Ranar da Aka Sauke Wayoyin Jitar Cocinmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har shekarar aurenmu sai matata ta tuna mini, amma ranar da na kai jitar cocinmu gyara Sabon Layi a Mubi tana nan daram a raina. Ban ga abin da zai goge ta ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Duvu. Shekara goma sha huɗu na yi ina kaɗa jitar lantarki a cocinmu, jita ɗaya tilo da wani ɗan garinmu ya sayo a gwanjo ya ba mu. Ba wanda ya koya mini, da kunne na koya, kuma tun da nake ban taɓa riƙe wata jitar ba sai ita. Wayoyinta sun yi nesa da wuyanta, kafin ka danne ɗaya ta taɓa ƙarfe sai ka haɗa da cije baki. Ni kuwa na ɗauka haka kowace jita take. Yatsuna suka yi kanta, suka tsage, suka sake yin kanta, ina ta alfahari da su. Duk wanda ya zo koyo ya ce hannunsa na ciwo, amsata ɗaya ce: kowa ya ci zomo ya ci gudu. Bayan mako biyu ko uku sai in daina ganinsa, in ce 'yan zamani ba sa son wahala.

A shekarar da nake ba ku labari, hannun nawa ne ya ce ya gaji. Mun gama cirar gyaɗa ke nan, ciwo ya kama ni daga wuyan hannun hagu har gwiwar hannu. Da safe yatsun ba sa lanƙwasuwa sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Ranar Lahadi waƙa uku nake iyawa, ta huɗu sai in bar wa mai ganga. Na yanke a raina cewa ranar godiyar kaka, wadda saura kwana tara, ita ce ta ƙarshe. In na ajiye kuwa jitar ta yi shiru ke nan, don babu mai karɓa. Wannan ya fi ciwon damuna.

Ana cikin haka ramin da ake soka igiyar sifika ya fara wasa, ƙara ta zo ta ɗauke. Na nannaɗe jitar da zanin matata, na hau babur zuwa Gella, daga can na shiga bas. Jita a tsaye tsakanin ƙafafuna, buhun masarar wata mata a kan gwiwata, haka muka shigo Mubi. Aka kwatanta mini rumfar wani dattijo Bafulatani mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda aka ce ya yi ƙuruciyarsa a Kamaru yana gyara wa makaɗa kaya.

Gyaran da ya kawo ni bai ci masa minti goma ba. Da ya gama sai ya ɗan taɓa wayoyin, ya tsaya, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Maigida, waye yake buga wannan?"

"Ni ne, Baffa."

"Kawo hannunka." Ya juya tafina, ya latsa kantar da ɗan yatsa. "Kai! Wannan jita ya cuce ka fa. Shekara nawa?"

Na faɗa masa, har da ɗan ɗaga kai, ina jiran yabo. Bai yaba ba. Ya ɗaga jitar saitin idonsa, ya rufe ido ɗaya yana duban wuyan kamar magini na duba bango. Ya ce wuyan ya lanƙwashe, damina da rani sun yi ta wucewa a kansa ba a taɓa ɗaure shi ba. Sai ya ɗauki tsinken ashana ya zura tsakanin waya da ƙarfe a tsakiyar wuyan. Ya ce tsinke ɗaya ya kamata ya cike wurin. Tawa kuwa sai da ya ɗora uku.

Ya sassauta wayoyin, ya kwance wani ɗan murfi a kan jitar wanda ni na ɗauka ado ne. Ashe akwai ƙarfe ɓoye a cikin wuyan. Ya soka alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na murɗa noti, ya murɗa kaɗan, ko rabin zagaye bai kai ba, ya ajiye. Na ce ya ƙara mana. Ya ce, "Katako ba ya son gaggawa. Ka murɗe shi da ƙarfi, ya karye, sai ka kai wa madam ya dafa tuwo." Ya tafi sallar azahar ya bar ni zaune a benci, yunwa na cina, rana na dukan kwanon rumfar. Da ya dawo ya sake duba wuyan, ya ƙara murɗawa kaɗan. Sannan ya koma gindin jitar inda wayoyin ke zaune, ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin alanki. Ta huɗu ta fara zizar ƙuda a kan ƙarfe, ya ɗaga ta kaɗan, zizar ta ɗauke. Ya ɗaure su, ya daidaita sauti, ya miƙo mini.

Na kai yatsa zan danna da ƙarfin da na saba, ashe wayar ta riga ta taɓa ƙarfe. Na kaɗa waƙar da ta fi ba ni wuya, hannuna bai ce uffan ba. Kuna tsammani murna na yi? Wallahi wata irin gajiya ce ta sauko mini, ta shekara goma sha huɗu gaba ɗaya. Dattijon ya dubi fuskata, ya tambaye ni ko bai yi daidai ba. Na ce ya yi, na gode.

A cikin bas na fara lissafa waɗanda na kora da bakina, sai lissafin ya tsaya a kan 'yata ta fari. Tana da shekara goma sha biyar ta yi damina guda tana fama da jitar nan, yatsunta na jini tana ɓoyewa. Ranar da ta ce ta kasa, a gaban mawaƙan cocin duka na ce mata raguwa. Daga ranar ko waƙa ba ta sake yi a coci ba. A lokacin da nake wannan tunanin ta yi aure a Gella, har da 'ya'ya biyu.

Da na sauka ban nemi babur ba, gidanta na nufa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa da goyo a bayanta. Ta kawo mini ruwa, na kwance zanin na miƙa mata jitar.

"Baba, mene kuma?"

"Danna kawai."

Ta goge hannu a zani, ta ɗora yatsun inda na koya mata shekara takwas da suka wuce. Ba ta manta ba. Sautin ya fito tas, ko sifika babu. Ta sake kaɗawa, ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Ashe ba ni ce raguwa ba," in ji ta.

Na ce ba ita ba ce, na roƙe ta gafara, na ce ta dawo ta karɓe ni. Ta yi ɗan murmushi, ta gyara goyon, ta miƙo mini jitar da hannu biyu.

"Na yafe, Baba. Amma yanzu ina lokaci?"

Ranar godiyar kaka na kaɗa waƙa bakwai, kuma har yau ni nake kaɗawa, da mutum biyu da ke koyo a hannuna. Ita kam ba ta dawo ba. Abin da na koya shi ne, ba kowace wahala ce ke da lada ba, wata rashin sani ce kawai. Yanzu in mutum ya ce mini abu ya gagare shi, sai na fara duba abin da na ɗora masa kafin in buɗe baki.