Turawan da suka tafi da Hamma Buba

Jiya jikata ta miƙo mini waya tana murna. "Kaka, kalli inda muka je hutu." Rairayi ne iya ganinka, ita kuma a kan raƙumi tana dariya. Na ce ya yi kyau, na mayar mata.

Lokacin muna Jihar Arewa Maso Gabas, kafin a yi gada, Turawa masu yawon buɗe ido sukan tsaya bakin kogi a Jimeta suna jiran jirgin fito. Motar wasu ta lalace, yayana Hamma Buba makanike ya gyara. Suka ce ya raka su Agadas, zai dawo kafin damina.

Bai dawo ba. Ko labarinsa ba mu samu ba.

Daga nan, duk motar Turawa da ta sauka, sai Dada mahaifiyarmu ta ja ni bakin kogi in yi mata tafinta. Matar da ko Numan ba ta taɓa zuwa ba, sai da ta haddace sunayen garuruwan hanyar hamada: Damagaram, Tanut, Agadas, Bilma.

Wata rana wani Bature ya gama jin tambayarta, ya girgiza kai, ya yi murmushi.

"Ban gan shi ba. Amma ce wa Mama hamada na da kyau, ya kamata ta je ta gani."

Na faɗa mata. Ta gyara mayafinta.

"Ce masa idan ya koma, ya taka a hankali. Ɗana na ciki."

Ku da kuke zuwa can ɗaukar hoto, shin wani ya taɓa gaya muku haka?