Allon Da Malam Kallamu Bai Dawo Karɓa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da mai tafiya da ƙafa da mai tafiya da hannu irina. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Kallamu Gimba, mai zanen motoci da allunan shaguna a Mile 2 Diobu, Fatakwal, bayan doguwar jinya. Ina rumfata a Anaca, hannuna duk fenti, matarsa Mama Kande ta bugo ta gaya mini. Ni ne Isah Arzika, ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa sana'a, kuma da shi zan yi magana kai tsaye kamar yadda na saba.

Malam, a bakin titin Mile One ka same ni, shan inna ya shanye mini ƙafafu tun ƙuruciya, ina zana keke da okada a jikin kwali da gawayi. Jama'a su ajiye mini sadaka su wuce, ba mai kallon kwalin. Kai ne ka tsuguna ka ɗauka, ka juya shi sama da ƙasa, ka ce, "Wannan tayar, duk wanda ya hau ta a asibiti zai kwana." Haushi ya kama ni ƙwarai. Sai da ka tafi na gane tunda nake zama a wurin ba a taɓa duba zanena an ƙyale ƙafafuna ba. Washegari na ja jiki har rumfarka.

A can na tarar da Jerome, kurma ɗan Zonkwa, wanda hannunsa a rubutun allo ya fi na kowa kyau. Ba ka raga mana ba ko kaɗan. Idan aiki bai yi ba, ka tsoma tsumma a kananzir ka goge shi a gabanmu, ko da wuni muka yi a kai. Masu wucewa su ce ba ka da tausayi. Mu kuwa da ake tausaya wa, mun san me muke samu.

Ba zan manta da motar Alhaji Aslam mai albasa ba. Ya kawo sabuwar motar katako a zana masa mikiya a ƙyauren baya. Ka nuna ni ka ce ga mai zanen. Ya dube ni, ya dubi tsayin motar, ya ce, "Haba Malam, ta yaya zai hau?" Ka ce, "Ba zai hau ba, Alhaji, motar ce za ta sauko." Ka kira kanikawa suka kwance ƙyauren, aka jingine shi a jikin durom daidai tsayina. Da na gama, na ɗauka sunan rumfarka za a sa a ƙasa kamar yadda ake yi. Ka miƙo mini siririn buroshi ka ce in rubuta nawa. Mikiyar nan ta je Sakkwato ta dawo da sunana a ƙarƙashin fukafukinta, kuma har yau idan na tuna sai in ji kaina ya yi girma.

Daga baya ka kore ni, ba ni da wata kalmar da zan kira shi da ita. Ka ce muddin ina inuwarka, za a ce Kallamu ne ya zana ya ba gurgu buroshi ya riƙe. Ka nema mini wuri kusa da Kasuwar Ose Okwodu a Anaca, inda motocin albasa da barkono ke sauke kaya, ka saka ni a mota ka juya. Tsoro ya cika ni, don ban san ko za a kawo wa gurgu aiki ba tare da Malam a bayansa ba. Aka kawo. Yanzu har daga Inugu ake aiko mini.

Watan jiya ina cikin aiki sai na hango ka a bayan direbobi kana jiran layi, ka rame, riga tana yawo a jikinka. Na yunƙura zan gaishe ka, ka ɗaga mini hannu ka ce yau kwastoma ne kai. Allon shago kake so. Na ce kyauta ne, ka ɓata rai. Na yanka kuɗi, ka taya ƙasa warwas, kana cewa, "Oga Isah, last price ɗin kenan? Akwai masu zane a gaba fa." Muka yi ta ja har direbobi suna dariya. Daɗi ya kama ni, don na san ba a ciniki da mabaraci.

Sai na tambayi abin da za a rubuta. Ka ce, "Jerome Mai Zane, Mile 2 Diobu." Na ce ina sunanka? Ka ce, "Na gaji da tsayuwa, ba ni kujera." A nan na gane Jerome za ka bar wa rumfarka, sallama ka zo yi, na sunkuyar da kai ina dama fentin da ya riga ya damu.

Allon ya bushe, Malam. Gobe zan kai shi Diobu, Jerome ya hau tsani ina miƙa masa ƙusa, mu buɗe rumfar mu ci gaba da karɓar aiki.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Kande, da 'yarka Mansura, da sauran iyali, da duk jama'ar Diobu. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu zuwan. Amin.