Turaren Tsugunno da Ciwon Yayata

Lokacin da wannan abu ya faru ina amarya da cikin fari, muna zaune a Kambarawa, ban daɗe da gama sakandare ba. Ni ba mai haƙurin dogon zance ba ce, ko ranar awo bencin baya nake zama ina latsa waya har a kira ni. A nan ne wata nas ta yi mana bayanin allurar HPV. Ta ce rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa ce, 'yan mata daga shekara tara zuwa sha huɗu ake yi wa, kuma kyauta. Mu masu ciki ba a yi mana, sai dai mu kai ƙannenmu da ɗiyanmu, mu manya kuma mu riƙa zuwa gwaji. Na ji da rabin kunne, na ci gaba da latsa wayata.

A danginmu akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, mai gyaran amare da saida turare. Ko rubutun kwalin fanadol ba ta iya karantawa, amma ita ce likitar gida. Da aka ce masu allura za su zo makarantar yara, ta bi gida-gida tana kunna saƙon muryar wani ƙato da ba wanda ya san fuskarsa, wai allurar kashe mahaifa ce. Matan suka yi ta jinjina kai kamar an buɗe musu wani ilimi. Ranar da suka zo aka hana yara fita, har da ɗiyar Yayata, 'yar shekara sha ɗaya.

A daidai lokacin kuwa Yaya tana fama da zubar jini ba na al'ada ba, da wani ruwa mai wari. Gwaggo ta ce sanyi ne. Ai wurin matan nan komai sanyi ne, ko ƙafarka ce ta karye. Ta haɗa mata turaren tsugunno, safe da yamma Yaya na bisa kasko, ga humra, ga jiƙe-jiƙe. Wari na ƙaruwa, ana ƙara garwashi. Da na ce a je asibiti, aka ce yaushe aka haife ni, kuma wace mai kunya ce za ta je ta buɗe wa ƙato jikinta. Na yi tsaki na bar zancen, abin da ke ci na ke nan har yau. Sai da Yaya ta yanke jiki ta faɗi a gidan suna a Batagarawa, zanenta ya ɓaci gaban jama'a, sannan mijinta ya kwashe ta zuwa asibiti. Likitar ma mace ce. Ta ce dajin bakin mahaifa ne, ya yi nisa, ta tambayi abin da ya hana mu zuwa da wuri. Na rasa bakin da zan ce mata turare muke yi.

Da tsohon ciki na yi jinyarta, ta rasu ina goyo. Ranar sadakar uku, Gwaggo na tsakiyar tabarma tana rantsuwa jifa aka yi wa Yaya, sauran na taya ta da salati. Har ta sa aka zagaya ɗakin da kasko. Na miƙe na sami mijin Yaya a zaure, na durƙusa na ce, "Uwar ta tafi. Ka ba ni ɗiyar in kai ta allura, ko ka bar wa Gwaggo ita ma ta turara ta." Bai ɗago kai ba, ya ce in kai ta.

Washegari na goya jaririna, na ja hannun yarinyar zuwa asibitin unguwa. Allura ɗaya ce a dantse. Ko kuka ba ta yi ba, ta tambaye ni wai shi ke nan? Shi ke nan fa. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata, tana yawo da ni a dangi wai na kashe wa marainiya zuri'a. Ban ga abin da na rasa ba.

Na san ajali na Allah ne, ba na ja. Amma Allah bai ce mu zauna bisa kasko mu bar magani ba. Allurar ba ta riski Yaya tana yarinya ba, gwaji kuwa yana nan, ba ta je ba. 'Yan uwana mata, ku kai ɗiyanku, ku da kanku ku je a duba ku. In kun ga jini ko kun ji wari, kada ku tambayi mai saida turare, ita cinikinta ta sani. Ni dai har yau in ƙamshin nan ya tashi a gidan biki, takalmina nake nema.