Matar da Ta Iso da Ƙyalle Ɗaya

Altagras mai suyar ayaba a bakin kwatar Pestel ta daɗe tana kallon wani jirgin ruwa mai tafiya da iska, har kasko ɗaya ya ƙone mata. Ƙaramin ƙyallen gaba kaɗai ke kama iska, babban kuwa yana naɗe jikin sanda. Jirgin sai jan ciki yake da kwandunan mangwaro, ga motar da ke kwasar kaya zuwa kasuwar Jeremi tana ta hon.

Mai tuƙin mace ce, baƙuwa. Za ta yi shekara hamsin, siririya, da malfar kaba da rigar namiji da ta yi mata yawa. Duk sanda ƙyallen ya saki sai ta ja tsaki, ta fizgi igiya kamar mai jan akuya.

"Gwaggo, ɗaga babban mana!" in ji wani ɗan dako. "Ko na biki ne kike adanawa?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Altagras dai ta san ɗaga babban ƙyalle aikin mutum biyu ne. Ƙila mai rigar yana kwance a gida, ƙila ma ƙasa ta rufe shi.

Saura ƙiris jirgin ya iso motar ta tashi. Matar ta ɗaure jirginta, ta ɗauki mangwaro ɗaya ta latsa, yatsanta ya nutse ciki.

"'Yar'uwa, yaushe wata motar?"

"Sai Asabar," in ji Altagras, ta kasa haɗa ido da ita.

Ranar kuwa Talata ce.